Yadda Ake Bin Tsarin Abinci na Makrobiyotik a Legas da Gero, Dawa da Wake

Wanda ya fara jin sunan makrobiyotik yakan ɗauka sai an shiga manyan kantunan Lekki ko Ikoyi an sayo kayan Japan masu tsada. Ba haka abin yake ba. Ginshiƙin tsarin shi ne hatsi da dusarsa, wake, ganye, daddawa da makamantanta, sai cin abinci a natse ba tare da an cika ciki ba. Duk waɗannan motocin Arewa na sauke su a kasuwar Mile 12, ana kuma samunsu a Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Inda ake buƙatar sani shi ne yadda za a zaɓe su, a adana su a laimar Legas, a dafa su yadda za su ciwu, sannan a toshe giɓin da tsarin ya zo da shi tun asali. Giɓin ba na wasa ba ne, don ya taɓa cin rai.

Tushen abin daga Japan yake. Wani likitan soja, Sagen Ishizuka, wanda ya rasu a 1909, shi ya fara koyar da cewa a koma ga shinkafar da ba a goge ba da abincin gargajiya. George Ohsawa (1893 zuwa 1966) ya ɗora a kai, ya yaɗa shi da sunan makrobiyotik, kalmar Girkanci mai nufin doguwar rayuwa. Almajirinsa Michio Kushi ya kafa shi a Amurka daga birnin Boston. Ƙa'idoji biyu ne suka fi amfani a cikin koyarwarsu: ka ci abin da ƙasarka ke nomawa a lokacinsa, kuma ka ci abu gaba ɗayansa, kada ka zubar da dusa ka riƙe farin ciki kawai. Rabon abinci zuwa "yin" da "yang" da suke yi falsafar mutanen gabashin Asiya ce, ba abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji ba, kuma ba sai an yi imani da ita ba kafin a amfana. Musulmi ma yana da nasa tushe: hadisin kaso uku na ciki, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, da ruwayar Sahl bin Sa'ad a Bukhari cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) ba su da rariyar tankaɗe, niƙa sha'ir suke yi su hure abin da zai tashi, su kwaɓa sauran.

Mataki na farko: a duba ko jikin zai ɗauka

Ohsawa ya jera tsarin hawa-hawa, na ƙololuwa shi ne wanda ya kira lamba 7: hatsi zalla, da taƙaita shan ruwa. A 1965 wata matashiya ta mutu a Amurka bayan ta shafe watanni a kansa, kuma a 1971 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar da gargaɗi a kan tsarin. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a ƙasar Holand sun bi yaran gidajen da ke bin makrobiyotik sau da ƙafa, suka tarar da ƙarancin bitamin B12, ƙarancin jini, laushin ƙashi da tsumburewa. Saboda haka tsattsauran tsarin ba na yaro ba ne, ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne, ba na mai sikila, mai tarin fuka ko wanda ya riga ya rame ba ne. Waɗannan za su iya cin dahuwar gero da miyar ganye tare da kowa, amma ba za a janye musu nono, ƙwai, kifi da nama ba.

Ba kuma maganin ciwon daji ba ne. An daɗe ana tallata shi haka, babu wata hujjar likitanci da ta tabbatar. Kushi kansa ciwon daji ne ajalinsa a 2014, haka matarsa Aveline a 2001. Ba don gori aka kawo wannan ba, ciwo da mutuwa na kan kowa. An kawo ne don kada wani ya bar asibiti ya koma jiƙa hatsi.

Masu ciwo uku sai da sanin likita. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid, idan ya yanke lemon kwalba da farin burodi kwatsam alhali maganin na nan yadda yake, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar auna suga: rawar jiki, zufa, jiri. In hakan ta faru a sha suga cokalin shayi uku a ruwa nan take, a kuma je a gyara ma'aunin magani. Mai ciwon ƙoda, wake da ganye da yawa na iya tara masa sinadarin fotasiyam. Mai shan wafarin na tsinka jini, yawan ganye kan rage ƙarfin maganin. Kafin a fara a auna nauyi, hawan jini, suga da yawan jini, a rubuta a takarda, don da su za a gwada bayan wata uku.

Mataki na biyu: rabon kwano

Ma'aunin Kushi shi ne hatsi kashi 50 zuwa 60 cikin 100, kayan lambu 25 zuwa 30, wake da ciyawar teku 5 zuwa 10, sauran romo. A ganinmu kason waken ya yi kaɗan ga mai ɗaukar kaya a Mile 12 ko mai aikin ƙarfi a Apapa. Gara a raba kwano haka: hatsi ɗan ƙasa da rabi, wake kwata, sauran ganye da kayan lambu.

Idan da gwangwanin madara za a auna, babban mutum mai aikin zama zai wadatu da busasshen hatsi gwangwani 2 a yini, mai aikin ƙarfi 3 zuwa 4. Busasshen wake rabin gwangwani zuwa ɗaya. Ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace kada su gaza giram 400, wanda shi ne mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato kamar cikin tafin hannu biyar. Mai babban cokali 2, na gyaɗa, na riɗi ko manja. Kifi kamar faɗin tafin hannu sau 2 ko 3 a mako.

Mataki na uku: cefane da ajiya

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin hatsin da ba a surfa ba ya fi surfaffe saurin lalacewa. Maiƙon ƙwaya yana cikin dusa da idonta, kuma gubar fumfuna a bayan ƙwaya ta fi taruwa. Wanda zai ci da dusa dole ya fi mai surfe tsanantawa wajen zaɓe.

Lokacin saye mafi kyau shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da sabon gero, dawa da wake ke shigowa daga Arewa a bushe. Kada a sayi na wata shida in babu wurin ajiya, don daga Afrilu zuwa Yuli iskar Legas kanta jiƙa kaya take yi. A kasuwa a cusa hannu can cikin buhu, ba saman tire da aka gyara don ido ba. A sansana: warin rima ko na ƙasa alamar fumfuna ce. A ciji ƙwaya: busasshiya fashewa take yi ƙas, mai laima lotsewa take yi. A gida akwai gwaji mafi tabbas. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti goma sha biyar a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, sai a shanya a rana kwana ɗaya ko biyu kafin a ajiye.

Masara da gyaɗa su suka fi ɗaukar gubar afilatoksin, wadda ke lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta canza launi, ko ta yi ɗaci, a tsince a zubar. Araha ba ta ado a nan: ɓarzajjiyar gyaɗa da tsintacciyar masara da ake karyar da farashinsu su ne mafi haɗari.

Wake kuma matsalarsa maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dikilobos, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Waken da ke warin magani, ko ke sa hannu ƙaiƙayi, a bar shi. Waken da ya kai tsakiyar damina babu huda ko ɗaya abin tambaya ne. Ɗan huda kaɗan ya fi kwanciyar hankali. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko na rage maganin, amma ba ya fitar da shi duka.

Ajiya ba ta buƙatar magani. A wanke jarka ko manyan robobin ruwa, a bar su su bushe sarai, a cika da busasshen hatsi har wuya, a ɗaure baki da leda kafin a murɗa murfi. Ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar su mutu. Sharaɗin shi ne kada a riƙa buɗewa, don haka gara ƙananan robobi da yawa a kan babbar jarka ɗaya. A ɗora su a kan katako, kada su taɓa siminti ko bango.

Mataki na huɗu: dafa hatsi

Kowane hatsi a fara da bakace, tsinta da rairaya da ƙwarya sau biyu. Tsakuwa ɗaya ta isa ta sa maigida ya rantse ba zai ƙara ci ba.

Jiƙo shi ne sirrin abin. Awa 8 a ruwa na tausasa ƙwaya, yana rage kuɗin gas, yana kuma rage sinadarin da ke cikin dusa mai hana jiki tsotsar ƙarfe da zinki. A zafin Legas kada a wuce awa 10 zuwa 12. Ɗan tsamin da hatsi ke yi ba ya cutarwa, irin na kamu ne, amma waken da ya yi kumfa da yauƙi da wari ya tashi daga aiki. A jiƙa bayan Isha, a dafa da Asuba. A zubar da ruwan jiƙon.

Gero: gwangwani 1, ruwa 2 da rabi. A sa ruwan ya tafasa, a zuba, a rage wuta ƙwarai, a rufe minti 35 zuwa 40, ba juyi ba leƙe. A sauke a bar shi a rufe minti 10 kafin a buɗe. In ya caɓe, ruwa ya yi yawa ko an juya shi yana kan wuta. In ƙasa ta kama, sama kuma ba ta gama nuna ba, wutar ce ta yi yawa ko tukunyar ba ta da kauri. A sa tsohon murfin ƙarfe ko faifan gwangwani tsakanin wuta da tukunya.

Dawa ta fi taurin kai. A zaɓi fara ko kaura, don wasu irin jar dawa na da bauri. Gwangwani 1, ruwa 3, kimanin awa ɗaya bayan jiƙo. A tukunyar matsi mai rufe tururi minti 25 ya isa, kuma ga mai dafa dawa da wake kullum, tukunyar na mayar da kuɗinta ta hanyar gas. Idan dawa da wake za a yi a tukunya ɗaya, a ba dawar minti 20 ita kaɗai kafin a zuba waken, in ba haka ba waken zai narke dawar na nan daram.

Shinkafa: wadda masu makrobiyotik suka fi ɗaukaka ita ce mai launin ƙasa-ƙasa da ba a goge ba. A Legas mafi kusa da ita ita ce Ofada ta jihar Ogun, sai 'yar Hausa da aka turara ba a goge sosai ba. Turarawar da ake yi wa shanshera kafin a casa na tura bitamin B zuwa cikin ƙwaya, shi ya sa wadda aka turara ta fi farar da ba a turara ba amfani duk da rashin ƙyalli. Ofada na da wari mai ƙarfi. A wanke sau uku zuwa huɗu, a tafasa minti 10, a tace, a mayar da sabon ruwa daidai kanta a ƙarasa a ƙaramar wuta. Wadda ba a turara ba kuwa, gwangwani 1 ruwa 2, minti 40 zuwa 45. Kada a mai da shinkafa abincin kullum: dusarta na ɗaukar sinadarin asinik daga ƙasa fiye da sauran hatsi. Sau 2 ko 3 a mako ya isa, sauran ranaku gero, dawa, acca da masara.

Acca ta Filato ita ce ta ranar sauri, minti 5 zuwa 7 ta nuna da ruwa ninki biyu. Wahalarta yashi ne kawai, sai an rairaye ta sau huɗu ko biyar a natse.

Tuwo ba ya fita daga tsarin, garin ne ke canzawa. A wanke hatsi, a shanya ya bushe, a gaya wa mai inji ba surfe, niƙa kawai. Da an dawo a baza garin a faranti ya huce. Garin da aka ƙulle a leda da zafinsa gumi yake yi ya fumfune. A tankaɗe da rariya mai manyan ido, abin da ya rage a sake niƙawa a mayar. A niƙa na mako ɗaya kacal, musamman gero, wanda garinsa ke fara ɗaci cikin 'yan kwanaki. Wannan gari ya fi shan ruwa kuma ya fi jinkirin nuna: a bar talge ya dahu minti 15, a tuƙa, a yayyafa ruwa, a rufe ya sulala minti 10, a sake tuƙawa. Tuwon zai fito da duhu da ɗan ƙarfi, ba zai yi santsin tuwon semo ba. Don kada a yi bore a gida, a fara da rabi surfaffe rabi da dusa na mako biyu. Kunu ma haka: a niƙa gero da citta da kanumfari ya yi laushi sosai, a dama ba tare da an tace ba.

Mataki na biyar: wake, romon daddawa da mahaɗi

Wake, ko fari na Arewa ko oloyin, bayan jiƙo yana nuna cikin minti 35 zuwa 50. A bar kanwa. Tana saurin narkar da wake, gaskiya ne, amma tana lalata bitamin B1, wanda saboda shi ake wahalar cin dusa tun farko. Albasa da jiƙo sun isa. Tumatir da tsamiya a sa su bayan waken ya yi laushi, don tsami na taurara shi. A riƙa sauyawa da gurjiya, alale, da awara. Awarar a turara ta ko a jefa a miya maimakon a soya ta cikin mai tsamo-tsamo.

Mutanen Japan na yawan shan romon miso, wani mahaɗin miya da suke nunarwa daga waken soya da gishiri. Ba sai an neme shi ba. Daddawar kalwa, wadda Yarabawa ke kira iru, danginta na kusa a Japan shi ne natto, wato nunannen waken soya, ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke nunar da su, kuma tana ba romo irin zurfin ɗanɗanon da ake nema. Na mutum huɗu: ruwa lita 1, albasa 1, kabewa yanka biyu, karas 2, dakakkiyar daddawa babban cokali 1, ɗan busasshen kifi, citta kaɗan. A dafa minti 15. Su miso a ƙarshe suke sa shi ba sa bari ya tafasa, amma daddawar da aka saya a buɗe a kasuwa lallai ta tafasa aƙalla minti 10. Ganye, ko alayyafo, ugu, lalo, zogale ko rama, a zuba shi minti 3 zuwa 5 kafin saukewa. Iru ta Legas yawanci da gishirinta take zuwa, a ɗanɗana kafin a ƙara.

Mahaɗi na biyu shi ne riɗi da gishiri, wanda ake barbaɗawa a kan dahuwa. Riɗi cokali 16, gishiri cokali 1. A wanke riɗin, a rairaye, a tsane, a soya ba mai a ƙaramar wuta ana juyawa har sai ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu. In ya yi baƙi ya yi ɗaci, babu gyara. A daka a turmi sama-sama, rabi ya fashe rabi na nan. In aka matsa zai fitar da mai ya dunƙule. A kwalba yana kai mako biyu.

Na uku, kabeji mai tsami. Kabeji kilo 1 yankakke siriri, gishiri giram 20, wato kusan cokalin shayi 4 a shafe. A murza da hannu minti 10 har ya fitar da ruwa, a danna a kwalba mai tsabta har ruwan ya rufe shi, a bar sarari a sama. Kullum a sassauta murfi iska ta fita. A zafin Legas kwana 3 zuwa 4 ya yi, daga nan sai firji. Farin yanar da ke fitowa a sama a kwashe ta kawai. Baƙi, kore, ja, ko yauƙi, a zubar da duka. Kusan kullum dalilin lalacewa ɗaya ne, kabejin ya ɗago saman ruwa. Babban cokali ɗaya a ci ya wadatar. Yawan cin kayan da aka adana da gishiri na da alaƙa da ciwon dajin ciki a Japan da Koriya, kuma duk gishirin yini, har da na daddawa da na dunƙule, bai kamata ya kai giram 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya.

Mataki na shida: toshe giɓi

Bitamin B12 babu shi a gero, wake, zogale ko daddawa yadda za a dogara. Babba na buƙatar kimanin maikrogiram 2.4 a yini, kuma daga dabba ake samu. Haɗarinsa a ɓoye yake: hanta na riƙe da ajiyar shekaru, don haka mutum zai yi shekara biyu ko uku yana jin garau, kuma yawan ganye na iya rufe alamar a gwajin jini alhali jijiyoyi na lalacewa. Mai shan metfomin, maganin ciwon suga, haɗarinsa ya ƙaru. Legas bakin teku ce, mafita na kusa: titus, sawa, tarwaɗa ko karfasa sau 2 ko 3 a mako, a gasa ko a dafa. Wanda ba ya cin kifi ya riƙe ƙwai da kindirmo, ko ya sha ƙwayar B12. Ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, tare da kuka, zogale da riɗi, su ke cike gurbin kalsiyam.

Aidin: littattafan makrobiyotik na cewa a yi amfani da gishirin teku, amma su suna samun aidin daga ciyawar teku. Mu ba ma cinta, ga shi kuma gero na ɗauke da sinadarin da ke taimaka wa maƙoƙo fitowa idan aidin ya yi ƙaranci. A yi amfani da gishirin leda mai aidin, a rufe shi, a zuba a ƙarshen girki.

Tsarin ya hana tumatir, tattasai, attaruhu, yalo da dankalin Turawa, ya kuma hana mazauna ƙasashe masu sanyi 'ya'yan itacen ƙasashe masu zafi. Ba mu ga dalilin bin wannan ba. Babu hujjar cewa suna cutar da mai lafiya, kuma bitamin C da ke cikinsu shi ke taimaka wa jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin wake. Hana mazaunin Legas lemo, gwanda da mangwaro ma ya saɓa wa ƙa'idarsu ta cin abin ƙasarka. Abin da ya kamata a nisanta da abinci shi ne shayi, don yana hana ƙarfe shiga jiki. A ba shi tazarar awa ɗaya. Taƙaita shan ruwa kuwa a watsar da shi gaba ɗaya. A sha har fitsari ya yi haske.

Mataki na bakwai: shiga a hankali, mako huɗu

Sannu ba ta hana zuwa. Makon farko a cire lemon kwalba, a rage sugan shayi da kunu zuwa rabi, a mai da ci ɗaya a yini na hatsi da dusa. Mako na biyu a shigo da wake kullum, a fara da cokali uku, a rage dunƙule zuwa rabi daddawa ta maye gurbi. Na uku a mai da burodin Agege da taliyar leda abin sau ɗaya a mako, nama sau ɗaya ko biyu, suya ta koma turara da gashi. Naman suna, na biki da na layya a ci tare da jama'a, ba a yanke zumunci saboda kwano. Na huɗu a gyara lokaci da tauna.

Suna cewa a tauna kowace loma sau 50. Ba sai an ƙirga ba, amma dawar da aka haɗiye ba tauna yadda ta shiga haka za ta fita. A ajiye cokali tsakanin loma da loma, a ba abinci minti 20, a tashi da sauran wuri a ciki.

Babbar matsalar Legas ita ce lokaci. Mai fita daga Agege bayan Asuba ya dawo bayan Isha saboda cunkoso, yakan wuni a kan shayi da burodi, ya zo ya loda tuwo ƙarfe goma ya kwanta. A juya abin. Babban ci ya koma rana: a zuba dahuwa da zafinta a kula, a ci kafin La'asar. Da dare romo, fate ko kunu, awa biyu zuwa uku kafin barci. Ranar da ba a fito da kula ba, a buka a nemi wake, alale, Ofada da efo (miyar ganye ta Yarabawa), a ce a rage mai, don miyar Ofada da ta ewa agoyin (dafaffen wake mai laushi) manja ne zalla. Dafaffiyar masara ko gasasshiyar agade da gyaɗa sun fi biskit. A sauka daga mota tasha ɗaya kafin gida a taka. Minti 30 sau biyar a mako ya cika minti 150 da ake so.

Dafaffen hatsi, musamman shinkafa, kada ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki bayan ya huce. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta hayayyafa a ɗumi, ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. A firji mai tsayayyar wuta kwana 2 zuwa 3. Inda wuta ke ɗaukewa rabin yini, a dafa na ranar kawai.

Abin da kan faru, da abin yi

Kumburin ciki da yawan iska a mako biyun farko abu ne da aka saba, hanji ne ke sabawa da dusa da wake. A rage yawa, a tsawaita dahuwa, a cire bawon wake na ɗan lokaci. Taurin bayan gida bayan an ƙara dusa na nufin ruwa ya yi kaɗan. Yunwa da kasala da rana na nufin an yanke mai da yawa. A ƙara gyaɗa, riɗi da cokalin manja. Ciwon kai na kwana biyu ko uku bayan barin lemo da shayi mai ƙarfi yakan wuce da kansa.

Akwai alamun da ba a jira da su. Wasu masu koyar da tsarin kan ce rama, jiri da ƙuraje "dattin jiki ne ke fita", a daure. Kada a yarda. Wanda nauyinsa kilo 60 ya zubar da kilo 3 cikin wata guda ba da niyya ba, ko haki ya kama shi a matakala, ko cikin idonsa da tafinsa suka yi fari, ko ƙafa ta riƙa sagewa kamar ana soka allura, ko harshe ya yi ja yana zafi, ko dasashi na jini, ko mace ta daina ganin al'ada, ko wuya ya fara kumbura, ya mayar da ƙwai, nono da nama a ranar, ya tafi asibiti a auna masa yawan jini da B12. Wanda bai ga ko ɗaya ba, bayan wata uku ya ɗauko takardar nan ta farko, ya sake auna nauyi, hawan jini, suga da yawan jini, ya kai wa likitansa duka biyun kafin a taɓa ko da rabin ƙwayar magani.